Malam Sada da Gadar Kogin Ɗinya

Jawabin da Malam Mati, shugaban makarantar firamare ta Tudun Ɗinya, ya yi a filin makarantar ranar taron tunawa da marigayi Malam Sada, bayan addu'ar arba'in, cikin watan Oktoba na 1968.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Mai girma wakilin gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, wanda ya taso tun daga Kaduna, Hakimi, ranka ya daɗe, Dagacin Tudun Ɗinya da masu unguwanninsa, Liman, Allah ya gafarta Malam, Ardo Shitu da jama'ar rugage, Sarkin Noma, 'yan kasuwarmu, na gado da baƙin da suka zama 'yan gida, 'yan'uwan da suka zo daga Funtua da Malumfashi da Mahuta da Dandume, Abdussamad, babban ɗan mamaci, da ƙannensa, sai ku da ke saurare daga rumfar mata, Inna Tsohuwa mahaifiyarsa, uwargida Ladidi, da 'yarsa Maijidda: assalamu alaikum. Yaya ƙarin haƙurinmu?

Baƙinmu, na ga ƙafafun wandunanku a jiƙe. Duk wanda ya biyo ta hanyar Funtua yau ya bar motarsa a wancan ƙetare, ya tuɓe takalmi, ya shiga kwalekwalen Sanda mai fito. Ba zan ba ku haƙuri a kan haka ba. Na ji daɗi da kuka gani da idonku, domin rabin abin da zan faɗa kun riga kun taka shi da ƙafarku.

An ce in yi magana a madadin gari saboda na fi kowa yawo da marigayi. Haka ne. Shekara goma sha ɗaya muna tare, tun ranar da aka turo ni nan koyarwa, na sauka daga mota da akwatina ban san kowa ba. Ya tare ni a bakin kasuwa ya ce, "Kai ne sabon malamin? Ɗauko kayanka. Ɗakin da aka tanadar maka yoyo yake yi, zauna a zaurena kafin a gyara." Wata bakwai na yi a zauren nan, ina cin tuwon gidansa, bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba.

Ya kasance malamin gona, kuma shi ya kawo huɗar shanu garin nan. Dattawa sun yi masa dariya, suka ce sa ba ya noma. Shi kuwa ya ɗaura garma a gonar ubansa, kaka ta zo kowa ya je ya ga audugar. Yau ku ƙirga garmar da ke garin nan.

Ya kasance mai gardama. Wannan ba sai na ɓoye ba, duk wanda ke nan ya ɗanɗana. In ya riƙe magana sai ka gaji ka bar masa, ba don ya rinjaye ka ba, sai don kana da aikin yi.

Ya kasance mutum mai yarda da abin da aka rubuta aka sa hannu. A nan ne ƙarfinsa yake, a nan ne kuma aka cuce shi.

Shekarar da aka sami mulkin kai, muna ta kiɗa da rawa, shi kuwa sai ya aika aka sayo masa littafin tsarin mulkin ƙasa. Kullum bayan la'asar mu zauna a zaurensa, ina karanta Turancin, yana juya shi da Hausa a littafin rubutu na 'yan makaranta. Ranar kasuwa ya tsaya gindin ɗorawa ya karanta wa jama'a. Ina tuna yadda ya fara. Ya ce, "Kun san gandu, kun san gayauna. Akwai aikin da ke kan gida duka, akwai gonar da kowane ɗa ya keɓe yana nomawa. To, haka ƙasar nan take yanzu. Soja da jirgin ƙasa da gidan waya da iyakokin ƙasa, na Gwamnatin Tarayya ne da ke Ikko. Makaranta da asibiti da gona da fili, na gwamnatin Jihar Arewa ne da ke Kaduna. Hanyoyi ma na Jiha ne, sai wadda Tarayya ta yi shela ta ce tata ce. An rubuta komai. Daga yau in abu ya lalace, mun san wanda za mu kama."

Ardo Shitu yana nan zaune, zai shaida. Ya ɗaga sandarsa ya ce, "Malam, burtalin da shanuna ke bi, na wa ne?"

Ya ce, "Na Kaduna ne, Ardo."

"In sun haura Nijar da damina fa?"

"Nan kuma maganar Ikko ce."

Ardo ya ce, "Ashe shanun nan sun fi ni yawan iyayen gida." Kasuwa ta kwashe da dariya, Malam Sada ya fi kowa yi. Mun koma gida ranar nan muna jin lallai an shirya ƙasa.

Shekara ta kewayo, labari ya zo cewa Tarayya ta karɓi hanyarmu, daga inda ta rabu da titin Funtua zuwa Malumfashi. Muka yi murna, muka ce kwalta na tafe. Daminar 1962, cikin watan Agusta, aka yi ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa, Kogin Ɗinya ya cika ya tumbatsa, ya tafi da tsohuwar gadar katako da Turawa suka bari. Da hantsi abin ya faru, mutane na kallo. Motar Romanus, direban da ke yi mana jigilar auduga da gyaɗa, tana cikin gari a lokacin. Wata huɗu ta yi a gindin ɗorawa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, sai da kogi ya ƙafe ta fita ta cikin yashi.

Malam Sada bai damu ba. Ya ce mana, "Wata uku ya yi yawa. Hanyar Tarayya ce, an rubuta." Ya aika takarda Ikko. Amsa ta zo bayan wata biyar, layi huɗu: shelar da aka yi ta ce Tarayya ta karɓi hanyar daga mararraba zuwa Kogin Ɗinya, gada ba ta ciki, a tuntuɓi Kaduna.

Muka tafi Kaduna ni da shi. Wani babban ma'aikaci a ofishin da aka nuna mana ya karɓe mu da mutunci, har da shayi. Ya ce, "Malam Sada, namu ya fara ne daga kogi zuwa cikin garinku. Gadar tana kan hanyar Tarayya. In muka gina ta yau, gobe duk gadar da ta karye a hanyoyinsu za su ce mu gina, tunda mun saba. Su ke karɓar kwastan, su ke karɓar harajin man mota. Su yi aikinsu."

Malam Sada ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen da ke ƙetaren nan naka ne ko nasu?"

Ya ce, "Namu ne mana. Shi ya sa ba za mu bari a ɗora musu nauyin wani ba."

Da rani na 1963 muka hau jirgi a Funtua muka nufi Ikko. Ban taɓa zuwa ba, shi ma haka. Kwana goma sha ɗaya muna zaman benci a wani dogon bene, ana cewa mu dawo gobe. Ƙuli-ƙulin da uwargida Ladidi ta ƙulla mana ya ƙare a kwana na shida. Ranar da aka shigar da mu, wani injiniya ya shimfiɗa taswira a tebur, ya yi ta laluben Tudun Ɗinya da yatsa bai same shi ba. Kogin nan da ke cin mutane, a taswirarsa siririn zare ne. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Ya ce, "Takardar ta ce zuwa kogi. Ba ta ce har a tsallake kogi ba. Kuma gada ƙafa biyu gare ta. Ɗaya za ta sauka a wancan gefen, wancan gefen kuwa filin Jihar Arewa ne, fili kuma ba ikonmu ba ne. In muka kafa ginshiƙi a can, Kaduna za ta ce Ikko ta fara cin iyakarta. Kun san yadda ake ciki yanzu."

Malam Sada ya ce, "Hanyar da ta tsaya a bakin ruwa, ina za ta?"

Injiniyan ya naɗe taswirarsa ya ce, "Ba ni na rubuta ba."

Jama'a, ku da kuke garin nan kun san abin da ya biyo baya, amma bari baƙi su ji. Kowace shekara da kaka, leburorin Tarayya su zo da katafila su gyara hanya sumul tun daga mararraba har bakin ruwa, su juya. Leburorin Jiha su gyara daga cikin gari har bakin ruwa, su juya. Wata shekarar ma rana ɗaya suka zo. Na gan su da idona suna ɗaga wa juna hannu daga ƙetare zuwa ƙetare, suna tambayar gajiya. Kowa ya yi aikinsa. Ba wanda ya karya doka.

Ga abin da ke ƙona mana rai. Audugar da muke nomawa ba a taɓa yin musu a kan ta wa ce ba. Kaduna ke yanka mata farashi, Ikko ke karɓar harajinta a bakin teku, kowa ya san rabonsa, ba ya kuskure, ba ya makara. Lokacin ƙidayar jama'a an zo an ƙirga mu har sau biyu, masu ƙirgar kuwa ba su ji tsoron ruwa ba. Lokacin zaɓe akwatin ɗan majalisar Ikko ya tsallako, na ɗan majalisar Kaduna ya tsallako. In iko ne, kowa na cewa nasa ne, har da zare ido. In nauyi ne, kowa ya ɗauko littafi ya nuna maka layin da ya wanke shi.

Malam Sada ya koma littafin ya sake karantawa, ya gano cewa in Tarayya da Jiha suka yi jayayya, Kotun Ƙoli ke raba su. Ya zo makaranta da gudu, ina cikin aji, ya ce, "Mati, na samo ƙofar." Muka je Zariya wurin wani lauya. Ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Malam, wannan ƙofar gwamnatoci kaɗai ke shiga ta cikinta. Sai ɗaya ta kai ɗaya ƙara. Su kuwa ba faɗa suke yi ba. Da kowa cewa yake gadar tasa ce, da tuni suna kotu. Amma abin da kowa ya ce ba nasa ba ne, wa zai je ya yi shari'a a kansa?"

Daminar 1964, ranar kasuwa, kwalekwale ya kife da mutum goma sha tara. Bakwai ba su fito ba. Cikinsu akwai Silifat, 'yar Alhaja Sekinat mai sayar da atamfa, wadda aka haifa a garin nan, ta yi aji huɗu a hannuna, tana goye da ɗanta na fari. Akwai Fulani biyu mata da ƙwaryar nononsu. Malam Sada ya rubuta sunayen bakwai ɗin, da shekarunsu, da sunayen waɗanda suka bari, ya aika wa Kaduna, ya aika wa Ikko. Duka biyun sun amsa. Duka biyun sun yi ta'aziyya da kalmomi masu kyau, kowa kuma ya ƙare da cewa ya tura takardar ga ɗayan.

Inna, ina tuna ranar da kika tare shi a ƙofar gida zai sake tafiya Kaduna. Ba ki kira sunansa ba, ba ki taɓa kira ba, ɗan fari ne. Kika ce, "Wai kai kaɗai ke tsallake kogin nan?" Ya durƙusa ya ce, "Inna, ni na tsaya a kasuwa na ce musu an rubuta komai." Kika juya kika shiga gida. Amma ke kika aiko Maijidda da furar da ya sha a hanya.

Sai shekarar 1966. Soja suka karɓi mulki, aka rufe majalisu. Cikin watan Mayu aka yi shela cewa an soke jihohi, ƙasa ta koma ƙarƙashin gwamnati ɗaya. Kun san yadda Arewa ta ɗauki maganar nan. Malam Sada kaɗai a garin nan ya ce a dakata a gani. Ya ce mini, "Yanzu babu zuwa kogi, babu daga kogi. Mai hanya ɗaya ne. Wa zai tura mu wurin wa?" Na ce masa saboda gada ɗaya zai yarda a miƙa makarantunmu da gonakinmu ga waɗanda ba su sami garinmu a taswira ba? Muka yi musu har murya ta tashi. Wata biyu ba mu ga maciji. In ya hango ni ya canza hanya, ni ma haka.

Ya rubuta Ikko, shiru. Ya sake rubutawa, shiru. Ya je Kaduna, ma'aikacin nan mai ba mu shayi ya ce masa, "Ai yanzu ko masinja ba na iya canza wa wurin aiki sai an ce daga can." Babu ɗan majalisar da za a kai wa kuka. Babu wanda ke bukatar ƙuri'armu. Wata safiya na fito zan tafi makaranta na same shi zaune a dakalina. Ya ce, "Mati, na yi kuskure. Da muna da ƙofa biyu, ko ba a buɗe ba ana leƙowa a ce mana ba nan ba ne. Yanzu ƙofar ɗaya ce, tana can bakin teku, ko bugun ba a ji." Ya miƙo mini hannu. A iya sanina wannan ne karo na farko da Malam Sada ya janye magana.

Cikin fitinar waccan shekarar, wadda duk muka sani ba ma kuma son tunawa, shi ya ɓoye Romanus da matarsa da 'ya'yansu uku a rumbunsa na dawa, ya raka su har ƙetare, ya sa su a jirgi a Funtua. Yau ba mu san inda suke ba, yaƙi ya shiga tsakani. Duk inda suke, na tabbata da sun ji da sun yi kuka tare da mu.

Aka janye waccan doka, aka dawo da tarayya. Bara aka raba ƙasa jihohi goma sha biyu, Arewa ta zama shida, mu muka faɗa Arewa ta Tsakiya. Jama'a kuwa sun gaji. Da ranin bana Sarkin Noma ya kira taro a ƙofar Dagaci ya ce a yi gayya: a sare maɗaci, a fasa dutse, mu kafa gadarmu da hannunmu ko ta amalanke ce. Kowa ya amince. Mutum ɗaya ya tashi ya hana. Malam Sada ne.

Ya ce, "Ku ba ni shekara ɗaya. Jiha ta matso kusa yanzu, larduna biyu kacal gare ta, ba za ta ce ba ta san mu ba. In muka kafa katako, kowa zai ce matsala ta ƙare, gadar ƙarfe kuma mun yi bankwana da ita. Ban da haka, doka ta hana a taɓa hanyar gwamnati ba izini. Shekara shida muna kan gaskiya, kada mu zama masu laifi a ta bakwai."

An zage shi ranar nan. Wani ya ce ɗan koren gwamnati ne. Wani ya ce takarda ta cinye masa kai. Wasunsu suna nan zaune, ba zan nuna su ba, domin ni ma da ban yi zagi ba, a zuciyata ina tare da su. Amma ya yi gardamarsa irin tasa, ya gajiyar da kowa, aka watse ba a yi gayyar ba.

Ya je Kaduna sau uku kafin ruwa ya sauka. Aka ce masa ana kan rabon kayan tsohuwar Jihar Arewa tsakanin jihohi shida, ba a san wanda zai gaji katafila ba balle wanda zai gaji alkawari. Aka kai shi wani ɗaki cike da fayil-fayil ɗaure da igiya har rufi, aka ce namu yana ciki. Ta wajen Tarayya kuwa aka ce ana yaƙi, ƙarfe da siminti suna da inda za su.

Ranar Talata, ƙarshen watan Agusta, ciwon ciki ya kama shi a gona. Malamin ɗakin shan magani ya duba shi ya ce hanji ne ya ƙulle, aikin likita ne, a kai shi Malumfashi yau ɗin nan. Muka ɗauke shi a kan gado zuwa bakin kogi. Kogi ya kawo, ja wur, yana tafe da itatuwa. Sanda mai fito, wanda ya yi shekara ashirin a ruwan nan, ya duba ya ce, "Wallahi in na saka ku ba za mu kai tsakiya ba." Ya zauna a kan kwalekwalensa yana kuka. A wancan ƙetaren ga mota an kira tana jira, muna ganin direban, yana ganinmu. Hanya sumul a bayansa, hanya sumul a bayanmu.

Muka kafa masa rumfa a nan bakin ruwa don kada mu rasa lokacin da zai ragu. Kwana biyu muka yi. Uwargida Ladidi ba ta gusa daga kansa ba, tana jiƙa tsumma tana goga masa a goshi. Rana ta biyu da azahar ciwon ya ɗan lafa, ya kira ni ya ce, "Mati, yanzu a ƙasar wa nake kwance?"

Na ce, "Ta Jiha, Malam."

Ya ce, "To, in mun kai tsakiyar ruwa ka riƙe ni da kyau. A nan ba ni da gwamnati." Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi.

Can ya ce a kira masa Sarkin Noma. Da ya zo ya durƙusa, Malam Sada ya kama hannunsa ya ce, "Ka yafe mini. Da na bar ku da rani, da yanzu ina Malumfashi, da kuma wanda zai biyo bayana ba zai kwanta a nan ba. Ku yi gayyar. Duk wanda ya zo hana ku, kada ku yi masa rashin kunya. Ku shimfiɗa masa tabarma, ku ba shi ruwa, ku ce ya rubuta cewa wurin nan nasa ne, ya sa hannu, ku kuma ku ajiye gatari nan take. Shekara shida takardar da nake nema ke nan."

Ranar Alhamis da safe ruwa ya ɗan ja baya, Sanda ya tsallakar da mu. Saura mil huɗu mu shiga Malumfashi ya cika, kansa a cinyar Abdussamad, yana kalmar shahada.

Mun san kwanansa ne ya ƙare. Ba mu ja da hukuncin Allah, ko gadar zinariya ce a wurin ba zai ƙara daƙiƙa ɗaya ba. Liman ya faɗa mana, mun kuma yarda. Amma Allah da ya rubuta ajali shi ne ya ɗora wa shugabanni amana, kuma zai tambaye su. Wannan tambayar babu wanda zai tura ta wani ofishi.

Mai girma wakilin gwamnati, ba kai ka karya gada ba, jiharku ma ba ta cika shekara biyu ba. Mun gode da ka zo. Amma muna jin ana cewa in yaƙi ya ƙare za a zauna a sake rubuta tsarin mulki. Ka kai musu saƙon Tudun Ɗinya. Ba mu ce a tattara iko wuri ɗaya ba. Mun ɗanɗana, marigayi ya ɗanɗana, ya dawo ya ce ya yi kuskure. Ba mu kuma ce kowace jiha ta zama ƙasar kanta ba. Muna ganin abin da hakan ke ci, 'ya'yan garin nan goma sha huɗu suna bakin daga. A raba, amma in za a raba, duk wanda aka ba iko a ɗaura masa nauyin da ke tafe da shi. Kuma a bar wa talaka ƙofar da zai shiga ya ce: ku biyun nan, ɗayanku ya amsa. Malam Sada ya nemi ƙofar nan shafi-shafi, babu ita.

Sannan ka sani, don kada a ce mun yi a ɓoye: Asabar mai zuwa za mu fara saran itace da fasa dutse. Da ruwa ya janye za mu kafa ginshiƙai, ɗaya a gefen Tarayya, ɗaya a gefen Jiha. Uwargida Ladidi ta ba da maɗatai huɗun da ke gonar marigayi. Ardo Shitu ya ba da bijimai shida na jan kaya. Alhaja Sekinat ta ce abincin ranar farko nata ne. Tabarma tana nan, alƙalami yana nan.

Inna, ki yi haƙuri. Kin haifi ɗa wanda gari ya zaga da rani, ya kuma yi kukansa da damina. Uwargida Ladidi, duk tafiyar da ya yi ke kika riƙe gida da gona, ba mu taɓa jin kin ce ya isa ba, ko da yake ya isa tun tuni. Garin nan ba zai manta ba. Abdussamad, Maijidda, akwai akwatin kwano a ƙarƙashin gadon mahaifinku, takardu ɗari da goma sha huɗu ne a ciki, kwafin duk wadda ya aika da duk amsar da aka ba shi. Kada ku ƙone su don haushi. Wata rana za a ce ba a yi haka ba.

Muna godiya ga Hakimi da ya ba da izinin taron nan, ga Liman da malamai da suka yi sauka, ga matan gari da suka kwana biyu suna girki, ga Sanda da ya yi sawu goma sha ɗaya tun safe yana fito da baƙi, da ga duk wanda ya bar girbinsa ya zo.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Sada ɗan Tsohuwa. Ka yafe masa kurakuransa, wanda ya gane ya nemi gafara da wanda bai gane ba. Ka haskaka kabarinsa, ka sa ya huta. Ka jiƙan mutum bakwai da ruwan nan ya ci, da waɗanda suka cika a gida ba a kai ga ɗaukarsu ba. Ka ba Inna da Ladidi da 'ya'yansa haƙuri, ka raya abin da ya bari. Ka kawo ƙarshen yaƙin nan, ka dawo mana da 'ya'yanmu. Ka tsare hannuwan da za su ɗauki gatari ranar Asabar. Ka kuma ba ƙasar nan shugabanni, na sama da na kusa, waɗanda in talaka ya tsaya gabansu ya tambaya ko wannan aikinsu ne, za su ji tsoronka su ce, "I, nawa ne."

Amin. Liman, a yi mana Fatiha.